Kawu da Ganyen Albasa

Jiya likita ya ce da ni, "Kada ki ba ɗiyarki ragowar maganin bara, bari mu auna jininta tukuna." Nan take na tuna marigayi Kawuna.

A fadamarsa ta Jiga Birni, Kawu ba ya fesa wa albasa magani sai ya durƙusa ya buɗe ganye ya ga ƙwaron da ya sauka. Yatsunsa kullum warin albasa da danyar ƙasa. Yakan ce, "Kowace shekara da ƙwaronta."

Wata shekara lauje ya yanke shi a ƙafa. Ƙafar ta kumbura ta yi zafi, zazzaɓi ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti a Jega. Likita ya ce ƙwayar cuta ta bi raunin ta shiga jini, kuma ita wannan ƙwayar iri-iri ce, wadda ta yi yawa bana ba lallai ita ce ta bara ba.

Kawu ya yi dariya, leɓɓansa a bushe. "Ashe ku ma manoma ne! To duba ganyen da kyau, ɗana, kahin ka hesa."

Ya warke, ya ƙara cin damina da yawa kafin Allah ya karɓi abinsa.

Ɗiyata ma ƙaramin rauni ne ya kawo zazzaɓin. Na bari aka auna, yau da safe har ta nemi kunu.

Allah ya sanyaya kabarinka, Kawu, kamar fadamarka bayan ban ruwa.