Fuskar Ticha Tanko a Allon Silima

Shekara goma sha ɗaya ina yi wa Isyaku mai fenti aikin katako a Gyadi-Gyadi. Ni ne kafintan da ke haɗa masa alluna, shi kuma ya zana tallar fim a kai, a ɗora a kura a zaga unguwanni kafin a jingine a ƙofar silima. Siriri ne, marar son magana, ko ranar Sallah da fenti a farcensa. Bai yi boko ba, amma idan ya zana bindiga sai ka ji kamar ka kauce.

Mai silimar da yake wa aiki ɗan son arha ne. Tsofaffin finafinan Turawa yake kwasowa, na 'yan fashi da 'yan sandan ciki, baƙi da fari. Fastocinsu kan iso a yage, wani lokaci ma babu su. Sai a ce wa Isyaku, "Akwai mugu, akwai mota, akwai mace tana kuka." Mota da bindiga daga ka yake zana su. Fuska ce ba ya iyawa sai yana kallon mai ita.

Kowa a layinmu ya ƙi yarda a zana shi a mugu, sai Ticha Tanko. Malamin firamare ne a Tarauni, Kirista, mutumin kudancin Zariya, yana haya a bayan shagona da matarsa Kande da 'yarsu Grace. Yana da tabo daga gira zuwa kunci, faɗuwar keke ce tun yana yaro. Da an tashi makaranta sai ya zo ya zauna a bencina, ya haɗe rai da gangan.

"Malam Isyaku, yau mutum nawa na kashe?"

"Uku, Ticha. Ka daina dariya, kana ɓata min haɓa."

Idan Isyaku ya gama, sai ya ja hancin ya yi tsawo, ya shafe fatar da ja, Tanko ya koma Bature. Ba wanda ya taɓa gane shi.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, 'yan siyasa suka cika Isyaku da aikin tutoci, jan fentinsa ya ƙare kaf. Ana cikin haka aka aiko neman allo da gaggawa. Ya zana Tanko da kwat da malafa, bindiga a hannu, ya bar shi baƙinsa, da hancinsa da tabonsa. Na ce masa wannan ai Ticha ne sak. Ya ce kwana uku kawai za a yi da shi. Fim ɗin ya karɓu, aka yi mako biyar ana tura allon nan daga Daurawa zuwa Darmanawa zuwa Unguwa Uku.

Bayan wata biyu aka yi fashi da rana tsaka a kantin wata Hajiya Indo a Unguwa Uku, aka harbe maigadinta. Kwana huɗu bayan nan ta hango Tanko yana jiran mota, ta kurma ihu. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi, an karya masa haƙarƙari. Matar ba ƙarya ta shirya ba. Ta rantse ta san fuskar nan, kuma da bindiga ta san ta. Tanko kuwa ranar fashin zazzaɓi ya hana shi zuwa makaranta, ba shi da shaida sai matarsa.

Da Isyaku ya ji, ko takalmi bai saka ba. Muka kinkimi allon ni da shi har caji ofis, muna ganin mun ɗauko abin da zai fitar da mutuminmu. Isyaku da ba ya haɗa jimla uku, ranar ya yi bayani har muryarsa ta dushe.

"Ranka ya daɗe, a nan ta gan shi. Ni na saka masa bindigar nan da hannuna."

Sajen ya dubi allon, ya dubi Tanko da ke zaune a ƙasa, ya ce, "To, ashe har 'yan silima sun san sana'arsa. Ku ajiye shi nan, shaida ce."

Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Da ƙafarmu muka kai musu abin da ba su da shi.

Shekara uku da wata bakwai Tanko ya yi a kurkuku yana jiran shari'a. Duk Lahadi Isyaku na bin Kande da kwanon abinci, ya tsaya a waje don kunya. Ya daina zana fuska. Mugayensa duk suka juya baya, ba ka ganin komai sai ƙeya da malafa, har mai silima ya gaji ya sallame shi. Ya koma rubuta lamba a ƙofofin gidaje. Da alƙali ya ga ba hujja ya saki Tanko, tarin fuka ya riga ya cinye shi. Wata biyu ya yi a gida ya rasu. Allon kuma aka dawo mana da shi, gara ta ci gindinsa, Isyaku ya kife shi a bayan shagona.

Ranar da Kande za ta koma garinsu, ta shigo shagon da safe. Isyaku ya miƙe, ya kasa ɗaga ido.

"Maman Grace, ki yafe min."

"Ba wannan ya kawo ni ba, Malam Isyaku. Allon nake so."

Na ce mata me za ta yi da abin da ya kashe mata miji.

"Bai taɓa ɗaukar hoto ba sai na takardar aiki, shi ma yana wurin 'yan sanda. Grace ta fara manta kamanninsa." Ta juya wurin Isyaku. "Ka goge bindigar, ka bar min fuskar."

Muka juyo allon. Isyaku ya tsoma burushi a baƙin fenti, ya shafa a kan bindigar. Sau uku yana shafawa, bindigar na sake fitowa ta ƙarƙashin fentin. Da ya ajiye burushin yana kuka, sai na ɗauko zarto na yanke allon daga kafaɗa. Kande ta naɗe ɓangaren fuskar a zaninta, ta rungume, ta fita.