Goggo Mai Auduga da Ƙwarin Ɗakin Gilashi

Tun rana ba ta yi zafi ba Goggo take buɗe ɗakin gilashi. Ta saka takalmin roba, ta zuba sifirit a murfin gwangwani, ta naɗa auduga a kan tsinke, sannan ta kama layin tsirrai na farko. Ɗumin ɗakin irin na numfashin mutum ne. Raɓa ta rufe gilashin, na ciki ba ya ganin waje, na waje kuwa inuwa kawai yake gani tana gilmawa. Furannin okid sun fi ɗari huɗu a ciki, wasu a tukwane, wasu a rataye, saiwoyinsu na lilo kamar yatsu suna shafar kan mai wucewa. Shekara talatin da ɗaya haka take yi a lambun adana tsirrai, sai makon jiya ta ajiye aiki.

Baƙi fure suke zuwa gani, su ɗauki hoto su tafi. Ita bayan ganye take dubawa, don abin da take farauta ƙwaro ne da bai yi kama da ƙwaro ba. Ba ya tashi, ba ya gudu. Wani ɗan ɓawo ne ruwan ƙasa, manne kamar ƙurji, yana tsotse ruwan tsiron shiru. Ma'aikata maƙale suke ce masa. Wata rana ta ɓamɓare ɗaya ta nuna wa mai gadi a gilashin ƙara girma: uwar ta mutu ta bushe, 'ya'yanta kuwa suna motsi a ƙarƙashin gawarta. Mai gadi ya ce ranar abinci bai shiga ba, kuma tun daga nan, in zai kira ta, daga bakin ƙofa yake tsayawa.

Shekarar da kowa ke tunawa ita ce wadda tsohon shugaban lambun ya rasu. Wata uku bayan rasuwarsa Goggo ta shigo ta ji takalminta yana kama ƙasa. Danƙo ne a siminti, kamar an yayyafa ruwan sukari, irin wanda maƙale ke fitarwa in ya ƙoshi. Ta ɗaga ganye ɗaya, ta ɗaga na biyu, sai ga maƙale manne a bayan kowanne. Kafin sati biyu ganyaye sun fara rawaya, wani baƙi kamar hayaƙin fitila ya hau kansu. In ta goge layi tas, bayan kwana bakwai ƙwarin sun dawo, kuma kullum daga wuri ɗaya suke farawa: layin da ke jikin ɗan ɗakin da marigayin yake zama, wanda ke kulle tun rasuwarsa. Ma'aikata suka fara ƙus-ƙus cewa mai ɗakin bai tafi ba. Mai shara ta ce ko za a kore ta, ba ta ƙara shiga ita kaɗai.

Sabon shugaba ya yanke cewa a ƙone duka a fara sabo. A cikinsu akwai wani farin okid da aka daɗe da sare dajin da aka samo shi, kuma ba a san inda wani irinsa ya rage ba. Goggo, wadda ba ta taɓa taka ofis don roƙon komai ba, ta je ta tsaya a gaban teburinsa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni sati shida."

"Goggo, tsiro ɗari huɗu ne, ke kuma hannu biyu gare ki."

"Ai hannuwan ba su kawo maka ƙara ba," in ji ta.

Ya yi dariya ya ba ta. Ta ware masu ciwo gefe guda. Ta bi su ganye-ganye da auduga, lungun da auduga ba ta shiga ta sa tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, ta yaye busasshen ɓawon gindi inda suke ɓuya, ta fesa man darbejiya da rana ta yi sanyi. Duk sati sai ta sake daga farko, don ta tare sababbin ƙyanƙyasa kafin su yi ɓawo. Sifirit ya tsattsaga mata yatsu. Maigidanta ya ce shi dai mata ya aura, ya wayi gari da asibiti a ɗaki.

A sati na biyar ƙwarin suka dawo, a layin nan dai. Ta faɗa min da bakinta, ni da muka yi aiki tare, cewa ranar ta ji tsoro. Tsakar rana ce, ba kowa, ta kife bokiti ta zauna tana kallon ƙofar marigayin, tana jin kamar ana kallon ta. Da ta sunkuyar da kai sai ta ga jerin tururuwa suna fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, suna hawa ƙafar benci. Ta san tururuwa da son danƙon nan, ta kuma san inda suke bi maƙale na biye.

Makulli ya ɓace, sai aka kira kafinta ya ɓalle ƙofar, mai gadi na tsaye daga nesa. Rigar marigayin tana rataye a ƙusa, tabaransa a kan tebur, kujerar a juye kamar yanzu ya tashi. A jikin taga ga wani babban okid, ruwan da ke ɗiga ta tsagar rufi ya hana shi mutuwa. Ba kore ko kaɗan a jikinsa. Ɓawo ne kan ɓawo tun daga saiwa har sama, kuma in ka zuba ido sai ka ga jikin yana tafiya. A can samansa fure ɗaya ya buɗe, yana fuskantar ƙofa. Kafinta ya ja da baya har gudumarsa ta faɗi.

Goggo ta gane tsiron. Marigayin ne ya shigar da shi don ya yi masa magani da kansa, a satin da ciwo ya kwantar da shi. Ta ce wannan ya wuce magani, ta lulluɓe shi da buhu, ta fitar, ta ƙone da hannunta. Mai gadi ya ce ya ga tana share ido, da ya tambaya ta ce hayaƙi ne. Daga nan cutar ta lafa. Tsiro goma sha tara aka rasa. Farin okid ya rayu, yau an raba shi tukunya goma sha ɗaya, wasu har an kai wasu lambunan. A rahoton da aka rubuta, ba a ambace ta ba.

Ke ce kika tsaya, Goggo, ranar da masu ƙarfi suka tsaya a bakin ƙofa. Ke ce uwar marasa baki, mai jinyar waɗanda ba sa nishi. Idonki ya raunana a cikin wannan aiki, har kika koma gani da yatsa, ba ki taɓa gaya wa kowa ba sai da likita ya tona.

Ranar sallamarta shugaba ya miƙa mata kyautar okid mai kyau da aka sayo daga kanti, aka yi tafi. Ta karɓa ta yi godiya, ta zura yatsa bayan ganye, sai fuskarta ta canza. Ta kira matar da za ta gaje ta, ta kama yatsanta ta ɗora a wurin.

"Kin ji shi, 'yata? Fitar da wannan waje. Bayan sati huɗu in ya warke, ki aiko min da kyautata."

Mun gode, Goggo. Allah ya ba idon nan sauƙi, ya sa hutun ya yi albarka. Mu kuwa da muka rage a bakin aiki, kowa akwai wani abu a hannunsa da wani ke cewa a ƙone a huta. Kafin a kawo ashana, a samu mai zuwa ya roƙi sati shida.