Birkin da Na Ɗaure da Ɗankwali

Shekarun baya, lokacin ina jigilar wake daga ƙauyukanmu zuwa kasuwar Dungas, ina da wata tsohuwar mota da nake ji da ita kamar amarya. Aibinta ɗaya: in an lafta mata kaya, tun daga nesa za ka fara taka birki kana salati. Abokina, bakanike a Magarya, ya ce mu sauya kan birkin gaba, wato ƙarfen da ke damƙe faifai ya tsayar da taya, wanda suke kira etiriye. Ya samo min manya daga ƙetaren iyaka. Da aka ɗaura su, tsofaffin janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa, suka ƙi shiga, sai muka sa manya biyu a gaba, na baya muka bar su yadda suke.

Kai, na yi fankama da birkin nan! Ko kaza ce ta gitta sai na taka da ƙarfi, don dai na cikin mota su tambaya.

Ana cikin roron wake, wata rana da hantsi, ƙanwata ta kira ni tana kuka: kububuwa ta sari mahaifiyata a ƙafa, a gonarmu ta bayan Yekuwa. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san dafin macijin nan, jini yake tsinkawa, allurarsa kuma sai Magarya. Na je na ɗauko su, ƙafar har ta fara kumburi. Inna na kwance a baya, kanta bisa cinyar ƙanwata, tana ta ce min, “Ɗan nan, bi a hankali, ban mutu ba tukuna.”

Ba mu kai ga babbar hanya ba kututture ya yaga tayar gaba ta dama. Ban damu sosai ba, ina da ta ajiya. Na ɗaga mota, na cire fasasshiyar, na ɗauko ta ajiyar na tura. Ta ƙi shiga. Na juya ta, na sake turawa, ƙarfe ya daki ƙarfe. Ashe ƙaramin janti ne, irin na da, ba zai haye sabon birkin ba. Na dubi na baya, su ma ƙanana.

“Yaya,” in ji ƙanwata, murya ƙasa-ƙasa, “bakinta na jini.”

Na leƙa. Jini na tsattsafowa daga dasashin Inna, tana sharewa da gefen mayafi don kar mu gani. Na duba gabas da yamma, ba kabu-kabu, ba ko amalanke, kowa na gona. Na ciro waya na kira abokina bakanike.

“Cire shi,” ya ce.

“In cire me?”

“Etiriyen mana! Ƙusa biyu ne a bayansa. Ka cusa itace a bakinsa, ka rataye shi, kar tiyon mai ya tsinke. Amma ka ji ni da kyau: birkin hagu kaɗai zai rage maka a gaba. Ka taka da ƙarfi, motar za ta fizge ta kife da ku.”

Haka na durƙusa cikin rairayi ina kwance abin da na cika gari da labarinsa. Na karyo reshen aduwa na cusa. Igiya babu, ƙanwata ta zare ɗankwalinta ta miƙo min, na ɗaure ƙarfen can sama. Taya ta shiga.

Tuƙin nan ban taɓa yin irinsa ba. In na yi gudu, ba ni da abin tsayawa. In na rage, Inna ce ke ƙarewa, ta ma daina ce min in bi a hankali, kuma shirun nan ya fi komai tsorata ni. Wani wuri shanu suka tsallako hanya, na ɗan taɓa birki, motar ta yi hagu da mu har taya ta bar hanya, ƙanwata ta ƙwalla ƙara. Da sauke giya da ihu na ratsa su. A ƙofar asibiti ma sai da na wuce kafin motar ta yarda ta tsaya.

Inna ta rayu, alhamdulillahi. Amma ƙafar ta riga ta lalace, sai da aka cire mata yatsu biyu. Na tambayi likitan ko tsayuwar da muka yi ce ta jawo. Ya ce ba wanda zai iya gaya min.

Abin da na koya bai da yawa: in ka ƙara wa abu girma, ka duba ko sauran za su iya zama da shi. Motar na sayar tuni. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, ga duk wanda ya tambaya cewa take ɗanta ne ya cece ta. Ni kuwa har yau, in na ga ta taso daga tabarma tana jan ƙafar nan don ta kawo min ruwa, sai in yi sauri in ce ba na jin ƙishirwa.