Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Mahaifiyata, Hajiya Jamilatu, ta haura tamanin, kuma duk unguwarmu ta Ammariyya babu wanda zai ce ya taɓa jin sunan mijinta a bakinta. A nan Jidda aka haife ta, a nan ta sayar da soyayyar gyaɗa da zoɓo a lungunan Balad, tsohon garin, shekara arba'in, Larabcinta ya fi na wasu Larabawan, amma kunyar nan ta Hausawan dauri tana riƙe da ita gam. Babanmu "Malam" ne a wurinta. Yayana Abdulghani, ɗanta na fari, ya yi furfura ya yi jikoki, har yau "wannan yaron" take ce masa. Ni Latifatu, da yake auta ce, sunana kam ya sha kira, galibi da faɗa.

Babanmu kowa Tanko ya san shi. Laƙabi ne, irin wanda ake yi wa namijin da ya biyo bayan mata. Da shi ya yi dako a tashar jiragen ruwa, da shi aka yi masa takardun zama ɗan ƙasa, da shi aka rubuta takardar rasuwarsa shekara ashirin da suka wuce. Mu ma 'ya'yan Tanko ne a takardunmu. Ban taɓa tunanin tambayar sunansa na yanka ba, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Bara aka ce duk mai tsohuwar takardar gida ya kai a sabunta. Wanda bai tabbatar da tasa ba kafin wa'adi, gidan zai shiga cikin waɗanda ba su da mai su, sai ya kwashe kayansa. Abdulghani ya ciro tamu daga akwatin ƙarfe. Ruwan ambaliyar da aka yi shekarun baya ya taɓa ta. Iyakokin gidan suna nan raɗau: gabas gidan wane Bukhari, yamma wane Jawi, kudu wane Barnawi. Haka magatakardan wancan zamani suke rubuta mutum, sunansa, na ubansa, na kakansa, sannan ƙasar da ya fito, har kana iya karanta hanyar da kowane maƙwabci ya biyo ya iso Jidda. Layin da ke ɗauke da sunan mai gidan ne kaɗai ya zama baƙin tabo, sai kalmar ƙarshe, "Takruri", wadda ake liƙa wa duk wanda ya fito daga ƙasashenmu.

A kotu an samo kwafin takardar a tsohon kundi. Alƙali ya duba, ya dubi Abdulghani, ya ce sunan da ke ciki ba Tanko ba ne. Ya ƙi karanta mana. Ya ce a kawo wanda ya san mamacin da sunansa na asali, ya faɗa da bakinsa har zuwa kaka. In ya dace da kundi, gida namu ne. Ya ba mu kwana goma.

Muka bi tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya. Sa'o'in Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuwa Tanko suka sani. Saura mutum ɗaya, tana zaune a tsakar gidan da ake magana a kai, tana ɓarar gyaɗar da ba mai saye.

Abdulghani ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, kalma uku ce fa. Ki faɗa, halas, shi ke nan."

Ta ce, "Kai wannan yaron, tashi ka ba ni wuri."

Ni ba ni da haƙurinsa. Na ce, "Inna, wallahi za su fitar da mu! Ina za mu kai ki? Bene hawa na shida a unguwar Kurayyat, inda ba ki san kowa ba?"

"Latifatu, bakina bai saba ba."

"To ki raɗa mini a kunne."

Ta kalle ni kamar na ce ta fita titi ba mayafi. Ba ta iya rubutu ba, balle a miƙa mata alƙalami. Na gwada dabara, na zauna ina jero sunaye ina kallon fuskarta, ko za ta motsa. Ai kuwa sai ta ja carbinta ta rufe ido. Na yi fushi ƙwarai, har na faɗi maganar da nake nadama, na ce wanda take wa kunyar ya zama ƙasa tuntuni, mu masu rai ne za mu kwana a titi. Kwana biyu ba ta ci abincin da na dafa ba.

Rana ta goma da safe na same ta ta yi wanka ta sa baƙar abayarta, tana zaune bakin gado. Ta ce, "Yalla, mu tafi kotun." Ban tambaye ta ko ta yanke shawara ba, don ina tsoron amsar. Muka shiga mota. Abdulghani yana ta share gumi alhali sanyin motar har ya yi yawa.

Alƙalin yaro ne, Inna ta yi jika da shi. Ya sa aka kawo mata kujera, ya rantsar da ita, ya buɗe kundin ya dafe layin da tafin hannunsa.

Ya kira ta uwa da Larabci, ya ce, "Ya walida, mene ne sunan mijinki?"

Ta ce, "Malam."

Alƙali ya ce, a hankali, "Sunansa na haihuwa nake nufi."

"Uban yaran nan ne. A gidan ya rasu, a ɗakin da ke kallon alƙibla. Shi ya ɗauko duwatsun ginin a kansa."

"Na yarda, ya walida. Amma kundi suna ya sani. In ba ki faɗa ba, ba ni da abin da zan rubuta, kuma yau ce ranar ƙarshe."

Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ina jin magatakarda yana buga alƙalaminsa a tebur. Abdulghani ya buɗe baki, na danne masa ƙafa. Alƙali ya dubi agogo, ya fara janyo murfin kundin.

Sai Inna ta ce, "Kakansa Yahuza."

Hannun alƙali ya tsaya.

"Ubansa Idrisu, Bakatsine. A hanya ya rasu, kafin su ƙetare teku." Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya mana baya ni da Abdulghani. Da muryar ta fito, ba irin ta mai ba da shaida ba ce, a tausashe ta fito, kamar mai tashin wanda ke barci.

"Zubairu."

Alƙali ya ɗaga hannunsa daga kan layin, ya karanta: Zubair bin Idris bin Yahuza al-Kashinawi al-Takruri. Ya ce a rubuta. Abdulghani ya kifa kansa a gwiwa yana kuka, ƙato da shi. Ni kuwa ina ta maimaita sunan a zuciyata, ina da shekara hamsin da biyar, ranar na fara sanin sunan ubana.

Na kama hannunta muka fito. Don in faranta mata na ce, "Inna, kin ga? Gida ya tsira. Ba abin da ya faru."

Ta tsaya a kan matakala tana mayar da numfashi.

Ta ce, "Sau ɗaya na ji sunan nan, ranar ɗaurin aurenmu, daga bayan labule. Shekara sittin da biyar ina riƙe da shi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Yau na kira shi, Latifatu, bai amsa ba."