Giɓin Umara Direba

Shekara goma sha ɗaya Umara ya yi yana jan motar gyaɗa tsakanin Haɗejiya da Nguru a zamanin Turawa, ko akuya bai taɓa bigewa ba. Giɓin da ke bakinsa ba a haɗari ya samo shi ba.

Makullin akwatin kayan gyaransa a igiyar layunsa yake ɗaure, don kada ya ɓata. Wata ranar hutu matarsa Yakaka ta ga fatar layun ta koɗe, sai ta aika wa baduku ya sabunta. Badukun kuwa bai tambayi kowa ba, duk abin da ya tarar a igiyar ya ɗinke shi cikin jar fata.

Washegari da rana tsaka motar ta mutu a fadamar Kirikasamma. Umara ya kai hannu wuya, ya ji layu shida maimakon biyar, ta shidan kamar dutse. Wuƙarsa tana cikin akwati, akwatin na ƙarfe ne, ga shi a kulle, ba gida gaba ba gida baya. Haka ya zauna a gindin giginya yana gatsar ɗinki har la'asar sakaliya. Makulli ya fito, haƙori ya biyo shi.

Sai bayan kwana biyu ya iso gida, ko ƙarfin faɗa ba shi da shi. Ya dai buɗe baki ya nuna mata.

Yakaka ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "To maigida, ai ka dawo da ranka. Sabuwar layar ta yi aiki."