Tsohon da Ya Tare Mini Ƙofar Coci

Edita, a wancan lokacin ni kofur ne, ɗan Zuru gaba da baya, ɗan soja, jikan soja. Na yi golmo, wato noman neman aure, shekara bakwai a gonar surukina ban taɓa cewa wash ba. A wurinmu kuma, in ka ka da mutum a kokawa ya miƙe ya dube ka ido cikin ido, to wani karon yake nema. Da wannan taurin kan aka tura ni aikin wanzar da zaman lafiya a wata ƙasa mai yaƙi, Kirista a baki, Littafi Mai Tsarki can ƙasan jaka.

Wata rana da rana tsaka na bi sawun jinin ɗan tawayen da ya harbe abokina, har cikin wani ƙauye da ya watse. Tsit, ko kaza babu. Jinin ya shige wata coci marar rufi, a bakin ƙofar kuwa ga wani tsoho tsaye, hannu wofi, silifas wari ɗaya. Da turancin buroka ya ce mutumin yana ciki, ba zai yi mini ƙarya ba, amma gidan Ubangiji ya shigo, ba za a kashe shi a nan ba. Na maka masa gindin bindiga, ya faɗi. Ya miƙe, ya koma inda yake, ya dube ni. Ni kuma wawa, sai na ɗauka wani karon yake nema. Na ƙara masa, ya sake miƙewa. A na uku ya kasa tashi, sai ya ja jiki ya kwanta a dokin ƙofar, ya tambayi sunana, wai zai sa ni a addu'a. Har yau ban san abin da ya sa na faɗa masa ba. Ya kira sunan sau biyu da irin lafazinsu, a hankali, kamar uwa na tada ɗanta daga barci. Ƙafata ta ƙi tsallake shi. Na juya, ɗan tawayen ya tsira. Washegari muka biyo ta wurin da sauran sojoji, sai ga sabon kabarin tsohon a gefen cocin.

Na dawo gida, na ajiye kaki. Ban gaya wa matata ba, balle fasto. Amma a gonata ta hanyar Ribah, in rana ta take, iska ta ɗauke, nakan ji an kira sunana daga cikin dawa, sau biyu, da wannan lafazin. Babu fushi a muryar, abin da ke cina ke nan. Da zagina yake yi, Allah ya sani da na sami sauƙi.

Samarinmu masu rububin shiga soja, ku ji ni da kyau. Na zaci jarumta a bakin bindiga take, sai da na gamu da wanda ya fi ni, ko sanda ba ya riƙe da ita. In marar makami ya tsaya a gabanku saboda Allahnsa, ku sauke hannu. Ni ban sauke ba. Tsohon ya mutu da sunana a bakinsa, ni kuwa ko nasa ban tambaya ba.