Gem Ɗin da Baba Ya Sayo Mana a Muda Lawal

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah ce, shekarar da na shiga aji uku na firamare, Baba ya shigo gidanmu na Ƙofar Dumi da kwali ɗaure a bayan babur. Ina tsakar gida ana ƙunsa mini lalle, na ji ihun yayana Auwalu daga zaure. Gem ne, irin wanda ake jonawa da talabijin. A jikin kwalin an zana 'yan ƙwallo kamar su yi magana, an kuma rubuta cewa sabon fitowa ne. Auwalu ya shekara yana roƙonsa, har noman damina ya taya Baba a gonarmu ta Miri ba tare da ƙorafi ba.

Da aka kawo wuta muka kunna, sai ga ɗan mutumin nan mai tsalle-tsalle, da kiɗansa, sak irin na gidan maƙwabcinmu da yara suka daɗe da gajiya da shi. Babu 'yan ƙwallo ko ɗaya. Auwalu ya ajiye madannin gem ɗin ya fice, ko tuwo bai ci ba.

Bayan Sallah Baba ya kwashe mu zuwa Kasuwar Muda Lawal a mayar. Mai shagon, wani dattijo mai fara'a, bai musa ba. Ya ce, "Malam, duk Sallah sai sun sake masa riga da suna, in ba haka ba wa zai saya? Cikin dai ɗaya ne." Ya yarda zai karɓa a ba mu rediyo. Ni kuwa na ƙanƙame kwalin ina hawaye, domin a gidan maƙwabta ba a taɓa barin mace ta riƙe madanni ba. Auwalu ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Baba, a bar shi. A wurin Hajara sabo ne."

Auwalu ne ya koya mini komai. Sai mun dawo daga islamiyya, na gama wanke-wanke shi kuma ya cika randuna, Inna ke ba da izini. In kaset ɗin gem ɗin ya ƙi, mu hura masa iska. In na'urar ta yi zafi, mu yi mata fifita da mafici. Sau da yawa ana ɗauke wuta muna dab da cinyewa, mu zauna jugum, sannan mu fashe da dariya.

Yanzu 'ya'yana kan nuna mini sabon samfurin gem a waya kafin na hannunsu ya tsufa, kuma kowa na bugawa shi kaɗai, kunne a toshe. Auwalu ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Wani lokaci nakan karɓi nasu in gwada, sai in waiga gefena in ce ya duba abin da na yi. Har yau ban saba ba.